Hutun da Albashin Ma'aikaci Ke Iya Biya

Wanda ya bi gabar tekun gabashin Ingila, ya wuce garin Skegness ya nufi ƙauyen Ingoldmells, zai ga abin da ba a cika sa shi a hotunan tallata ƙasar ba: dubban gidajen ƙarfe farare, a jere kamar rumfunan kasuwa, har iya ganin ido. Turawa na kiran kowannensu karaban. Asalin kalmar daga Farisanci take, ma'anarta ta farko kuwa ita ce ayari, irin na fatake. Sai dai wannan ayarin ba ya zuwa ko'ina. Gidajen suna da tayoyi, amma an kafe su wuri guda, an ja musu ruwa da lantarki. Galibi tsawon kowanne ƙafa 35 ne zuwa 40, faɗinsa ƙafa 12, da ɗakunan kwana biyu ko uku, da kicin, da banɗaki, da ɗan falo. A nan direban bas da ma'aikaciyar jinya da mai aikin kanti ke kawo 'ya'yansu su yi mako guda a bakin teku.

Masu hannu da shuni a Birtaniya sun daɗe suna yi wa wannan hutu kallon raini, suna ganin na wanda ya kasa biyan kuɗin jirgin sama ne. Ni a ganina sun yi wa abin gurguwar fahimta. Idan ana so a san ko al'umma ta ɗauki hutu da muhimmanci, a duba inda ƙaramin ma'aikacinta ke kai iyalinsa. Attajiri ko a wace ƙasa yake zai huta.

Abin mamaki, karaban ya fara ne a matsayin kayan nishaɗin masu kuɗi. A 1885 wani likitan sojan ruwa mai ritaya ɗan Scotland, William Gordon Stables, ya zaga ƙasar a cikin wani ƙasaitaccen gida mai taya da dawakai ke ja, har da baransa. A 1907 aka kafa ƙungiyar Caravan Club, ta mutanen da ke da lokaci da abin hannu. A wannan zamanin, masaƙan yankin Lancashire suna samun hutun mako guda ne kawai idan an rufe masana'anta, kuma ba a biyan su ko kwabo na wannan makon. Duk shekara suke tara kuɗi kaɗan-kaɗan, kamar masu adashi, domin su hau jirgin ƙasa zuwa Blackpool.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. A 1936 Billy Butlin ya buɗe sansanin hutunsa na farko kusa da Skegness, da manufar cewa albashin mako guda ya isa biyan hutun mako guda. A 1938 kuma majalisar dokoki ta zartar da dokar hutu da albashi, bayan shekaru ƙungiyoyin ƙwadago suna fafutuka. Dokar ba ta game kowa ba, amma ta buɗe ƙofa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manoman bakin teku suka gano cewa fili cike da karaban ya fi fili cike da shanu riba. Gidajen suka yi ta yaɗuwa barkatai, har sai da aka yi dokar 1960 wadda ta tilasta wa kowane mai fili neman lasisi daga ƙaramar hukuma. Ke nan hutun talaka bai faɗo daga sama ba. Sai da doka ta ba shi lokaci, sannan kasuwa ta ba shi masaukin da ya dace da aljihunsa. Da ɗaya ya rasa, ɗayan ba zai yi amfani ba.

Me ya sa karaban ya rayu, duk da jirage masu araha da suka kwashe jama'a zuwa Sifaniya tun daga shekarun 1960 da 1970? Dalili na farko lissafi ne. A otal ana biya ne bisa yawan ɗakuna, kuma kowane cin abinci sai an zaro kuɗi. A karaban gidan ake haya gaba ɗaya, mutum shida ko takwas su shige, a dafa abin da aka saba ci. Iyali mai yara huɗu da kaka, wanda otal zai karya wa tattalin arziki, nan yake samun sararin numfashi.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Ƙuncin wurin da ake kushewa shi ne amfaninsa. A gida kowa na da ɗakinsa da wayarsa, uba na wurin aiki, uwa na aikin dare. A karaban babu maɓoya: tebur ɗaya ne, bango kuwa siriri. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma lallai ana saɓawa, musamman ranar da ruwan sama ya hana fita. Amma wanda ba a zauna da shi ba, ba a san shi ba. A waje kuma motoci a hankali suke tafiya, yara na yawo a kan keke daga safe zuwa yamma tare da abokan da suka haɗu da su jiya, 'yancin da titunan Landan da Birmingham suka daɗe da ƙwace musu.

Masu suka na da hujjojinsu. Yanayin Ingila ba shi da alƙawari. Manyan sansanoni, irin na kamfanin Haven, nishaɗinsu na dare yakan haɗa da mashaya da injinan caca, abin da iyali Musulmi za su kauce masa. Sayen karaban, saɓanin hayarsa, na iya zama tarko: darajarsa faɗuwa take kamar ta mota, filin da yake kai ba na mai shi ba ne, ana biyan kuɗin fili duk shekara, kuma lasisin wurin hutu bai yarda a mai da shi gidan zama na dindindin ba.

Babbar barazana dai ita ce farashi. Hutun makarantun Ingila kusan mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma a daidai lokacin ne kuɗin haya ke tashi ya ninka na watannin da yara ke aji. Iyayen da suka cire yaro daga makaranta domin su samu rahusa, tara ke jiran su: tun daga Agustan 2024, fam 80 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, ta koma 160 idan an wuce kwana 21. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan wani uba daga tsibirin Isle of Wight da ya ƙalubalanci irin wannan tara. Halartar makaranta wajibi ne, babu jayayya. Amma fam 80 ga mai kuɗi ƙarin kuɗin tafiya ne kawai, ga mai ƙaramin albashi kuwa shi ne ke soke tafiyar. Idan aka bari karaban ya fi ƙarfin mutanen da aka gina shi dominsu, an warware rabin nasarar 1938. Rarraba ranakun hutun makarantu tsakanin yankuna, kamar yadda Faransa da Jamus ke yi a wasu hutunansu, zai rage cunkoson da ke haifar da tsadar.

Ga 'yan uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai da ke zaune a Birtaniya, waɗanda kowane hutu a wurinsu tikitin Kano ne ko na Abuja, ga shawara. Zumunci a ƙafa yake, kuma zuwa gida ba shi da madadi. Amma wanda ya je gida ya san kwanakin na gaishe-gaishe ne da ta'aziyya da biki, yaran kuwa sai su koma ba su samu iyayensu ba. A shekarar da kuɗin jirgi ya gagara, kwana huɗu a gabar tekun Wales ko Norfolk, da tukunyar shinkafa da darduma a bayan mota, ba abin kunya ba ne.

Ga mu da ke gida kuma, akwai abin dubawa a lissafi. Ma'aikacin cikakken lokaci a Birtaniya na da haƙƙin kwana 28 na hutu da albashi a shekara. Mafi ƙarancin da dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanada, bayan wata goma sha biyu ana aiki, kwana shida ne. Kafin a yi maganar inda direba da mai gadi za su kai 'ya'yansu, sai an fara ba su ranakun.