Ra'ayinmu: A ware wa ƙwallon ƙarfe fili a Malanville

Duk bayan shekara huɗu, idan gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta zagayo, sai a ga masu kallon talabijin suna dariyar wani wasa da ake kira kurlin: ƙatti majiya ƙarfi suna share ƙanƙara da tsintsiya a gaban dutse mai nauyin kusan kilo 20. Asalinsa daga Sikotilan ne, kuma tun 1998 a Nagano ta Japan ya zauna daram cikin gasar. Amma dariyar ba ta daɗewa. Wanda ya yi haƙurin minti goma sai ya soma lissafi: dutsen wa ya fi kusa da tsakiya, wanne ya kamata a buge, wanne za a girke ya tare hanya. Har matasan Nijeriya, ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba sai a firji, sun buga shi a gasar Olamfik ta matasa a Koriya ta Kudu a 2024.

Mu nan bakin Kwara ba mu da ƙanƙara, kuma ba ma bukatarta. Muna da ɗan'uwan wannan wasa, wato fetanki, jifan ƙwallon ƙarfe da ya zo daga Faransa. Lissafinsu ɗaya ne: ɓangaren da ƙwallonsa ya fi kusa da ɗan ƙaramin da aka jefa shi ke cin maki, kuma kowane ƙwallo nasa da ya fi na abokin hamayya kusa maki guda ne. Wanda ya riga kai 13 ya yi nasara. Ƙwallon bai wuce giram 800 ba, nisan jifa mita 6 zuwa 10. Dattijo ɗan shekara sittin zai iya kunyata saurayi, domin aikin ido ne da natsuwa da sanin lokacin da za a matsa da lokacin da za a buge. Ɗan kasuwar da ya iya ciniki ya san wannan lissafi. Shi kuwa ɗan kallo, ba tikiti ba kujera, yana ganin komai, gardamar awon tazara kaɗai ta ishe shi nishaɗi.

Kuma Benin ba baƙuwa ba ce a nan. A 2016 a Madagaska 'yan wasanta sun kai wasan ƙarshe na gasar duniya. A Satumban 2023 Kwatano ta karɓi baƙuncin gasar, inda Laïma Sambo da Marcel Gbétablé suka ci kofin duniya na mace da namiji. To, me Malanville ta samu cikin wannan daraja?

Dalilinmu na tayar da maganar a fili yake. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, Nijar ba ta bi sahu ba a lokacin. Kowa ya ga abin da ya biyo baya: 'yan dako da yaran mota da 'yan kamasho sun wuni zaune, kuma mun san wanda ke samun ciniki wurin matashi mai zaman banza, mai ƙwaya ne da mai shagon caca. Ba mu ce jifan ƙarfe zai ciyar da gida ba. Amma kokowa sai mai ƙarfi, ƙwallon ƙafa sai babban fili, wannan kuwa kowa da kowa ne.

Saboda haka muna kira ga ofishin magajin gari da ya ware fili kusa da kasuwa da tashar manyan motoci. Mita 15 a tsawo da 4 a faɗi sun isa fage guda, sai tsakuwa da fitila. Shugabannin 'yan albasa da na hatsi da ƙungiyar direbobi su sayi ƙwallaye, su sa kofi tsakanin layukan kasuwa. Sharaɗi biyu muke roƙo: a tashi idan an kira salla, kuma duk wanda ya ajiye kuɗi a kan jifa a kore shi daga fagen, ko ɗan wane ne.