Motar Gas Da Ƙin Tashi Da Asuba: Ba Laifin Hunturu Ba Ne

Kowace shekara, da zarar iskar hunturu ta kunno kai daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, magana ɗaya ake ji a tashoshin mota: wai sanyi ya hana mota tashi. Wannan kuwa shi ne lokacin da manomi ya fi bukatar mota. Hatsi yana jiran a kai shi Dawanau, albasar Aliero tana cikin buhuna, tumatirin Kadawa yana cikin kwanduna a Kwanar Gafan yana jiran hanyar Ikko. Tumatirin da aka loda da yamma, mota ta ƙi tashi sai da hantsi ya dubi ludayi, ya riga ya fara asara tun bai bar gida ba. Asarar nan kuwa a kan manomi da ɗan kasuwa take faɗuwa, ba a kan hunturu ba.

Gaskiyar magana ita ce, sanyin ƙasar Hausa bai isa ya hana lafiyayyen inji tashi ba. A Kano ko Zariya, sanyin asuba galibi tsakanin digiri 10 ne da 15, wani dare ya ɗan sauka ƙasa da haka. A Rasha da Kanada ruwa yana daskarewa wata da watanni, amma motocin gas suna aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da sanyi ke yi kawai shi ne tona asirin gyaran da aka ƙi yi tun da damina.

Domin a gane wannan, sai an san yadda injin gas yake kama wuta. Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin gas, wanda Rudolf Diesel, Bajamushe, ya kammala a shekarar 1897, ba shi da shi. Fistin ne ke matse iska cikin silinda, ya mai da ita wajen kashi ɗaya cikin 16 ko 20 na girmanta, har ta yi zafi ƙwarai. Sa'an nan nozul ya fesa gas a kanta, ya kama da kansa. Watau abu uku injin ke nema: ya juya da sauri, ya matse iska sosai, gas kuma ya iso a kan kari. Da rana, zafin gari yana rufa wa tsohon inji asiri. Da asuba kuwa ƙarfe ya yi sanyi, yana shanye zafin iskar, to, duk abin da ya yi rauni cikin ukun nan sai ya fito fili.

Saboda haka direba mai hankali ba ya fara kwance inji. Kunne da ido zai fara sawa.

In aka murza makulli aka ji inji yana juyawa da ƙyar, kamar jakin da aka yi wa kaya fiye da kima, to, a nemi laifin wajen batir. Sanyi yana rage ƙarfin batir, a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri yana riƙe inji. Cikakken batir mai bolt 12 yakan nuna 12.6 a ma'auni. In ya nuna 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Manyan motoci masu bolt 24 batir biyu ke gare su a haɗe, kuma haɗa sabo da tsoho ba tsimi ba ne, domin tsohon zai ja sabon ƙasa. Kafin a sayi wani, a duba kan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kansa, da waya mai kwance, sun hana motoci da yawa tashi alhali batirinsu lafiya lau. A kankare, a ɗaure tam, a duba wayar da ke haɗe da jikin mota, a kuma ja fambel in ya saki, don batir ya riƙa samun caji a hanya. Baƙin mai kuma, mai lamba 15W-40 ya fi mai lamba 40 zalla saurin gudu da sanyi.

In kuwa inji yana juyawa da ƙarfinsa amma ba hayaƙi ko kaɗan a salansa, gas ne bai iso ba. Nan ne waɗansu kan ce gas ya daskare. A ƙasashen ƙanƙara haka na faruwa, gama akwai kakin da ke cikin gas wanda ke fara sandarewa in sanyi ya kusa digirin da ruwa ke daskarewa, shi ya sa can ake sayar da gas na musamman don lokacin sanyi. A nan kuwa da wuya ƙwarai. Abin da ya fi yawa shi ne iska ta shiga tiyo da dare ta wani ɗan tsagi, gas ya koma tanki, ko kuwa filta ta toshe da datti da ruwa, musamman ga mai sayen gas na jarka a bakin hanya. Maganinsa a sake filta, a zubar da ruwan da ya kwanta, a kwance dunƙulen fid da iska, a yi ta buga famfon hannu har gas ya fito ba kumfa. Cika tanki da yamma yana taimako, domin tankin da ya kwana rabi yakan tara raɓa a cikinsa.

Alama ta uku ita ce farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. Wannan ya nuna gas yana zuwa, zafi ne bai isa ba. Waɗansu injuna suna da hita a kan kowace silinda, waɗansu guda ɗaya a bakin mashigar iska, waɗansu ba su da ita sam. Mai hita sai ya jira ta yi zafi kafin ya murza, kuma ko guda ta mutu inji yakan yi gardama. In hita lafiya take, a duba filtar iska, gama ƙurar hunturu tana cika ta cikin 'yan kwanaki. In duk wannan bai yi ba, nozul sun gaji, ko ringi da bawul sun cinye har iska tana zurarewa. Wannan aikin bakanike ne mai ma'auni, ba na cin-ta-da-ka ba.

Akwai dabaru uku da suka zama ruwan dare, dukansu kuwa abin ƙi ne. Na farko hura wuta ƙarƙashin mota. Tsohuwar mota ba ta rasa yoyon mai, ga buhuna da tampol a sama. Na biyu kara tsumma mai fetur a mashigar iska, ko fesa maganin tashi na gwangwani ba ƙaidi. Inji yakan tashi, amma da bugun da ke karya ringi, gobe kuma ya fi yau gardama. In kuwa hita tana kunne, abin na iya fashewa a fuskar yaron mota. Na uku kwana a kan gangara don a sako ta da safe. Motar da birkinta ke aiki da iska, in inji bai tashi ya cika tankin iska ba, direba ba shi da birkin kirki, ga lodi a baya. Abin da ya fi waɗannan shi ne a kwantar da mota a inda iska ba ta bugun ta, a rufe inji da buhu, da safe a ɗura ruwa mai ɗumi a lagireto. Kada kuma a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15. A huta minti ɗaya ko biyu, don kada kik ya ƙone.

Amma duk wannan magani ne bayan ciwo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Oktoba, kafin kaka ta kankama, shi ne lokacin gwada batir, da sake baƙin mai da filta, da kai nozul a gwada. Mai motar da ya ce ba shi da kuɗin wannan, ya lissafta kuɗin lodi ɗaya da ya ruɓe. Akawun ƙungiyar manoma mai mota ko tarakta ya kamata ya ajiye littafi, ya rubuta ranar da aka yi kowane gyara, kada a dogara da tunanin direba. Ɗan kasuwa kuma, kafin ya yi cinikin haya, yana da damar ya je da sassafe ya ga yadda motar ke tashi da sanyi. Wadda ta tashi a murzawa ta farko ko ta biyu, ita ce ta cancanci a danƙa mata wahalar shekara guda.