RA'AYINMU: Zangon Karatu A Ƙasar Waje, A Yi Lissafi Kafin A Ɗaure Kaya

Yau kusan babu babbar ikkilisiya a garuruwanmu da za a rasa iyali ɗaya ko biyu masu ɗa ko jika a makarantun Amurka. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ɗalibai 'yan Nijeriya a can sun haura 20,000, ban da 'ya'yan 'yan'uwanmu da aka haifa a ƙasar. Waɗansu daga cikinsu, saboda tsadar jami'a, sukan fara ne daga makarantun da ake kira kwalejin al'umma. Waɗannan kwalejoji kuwa sukan ba ɗalibi damar ya je wata ƙasa ya yi zangon karatu ɗaya, wato kamar wata huɗu, ya komo ya ci gaba. Idan yaro ya kawo wa iyayensa wannan magana, me ya kamata su ce masa?

Da farko dai bari mu bayyana ko mece ce kwalejin al'umma. Makaranta ce ta shekara biyu, wadda ke karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare, daga nan ɗalibi ya kama aiki ko ya wuce jami'a ya cika shekara biyun da suka rage. An kafa ta farko ta gwamnati a garin Joliet na jihar Illinois a 1901 da ɗalibai shida kacal, kuma cikin waɗanda suka assasa ta akwai William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago, ɗan Baftis, malamin harshen Ibraniyanci. Manufar ita ce kada talauci ya hana yaro ilimi mai zurfi. A shekarun nan kuɗin makarantar ɗan gari a irin wannan kwaleji kusan dala 4,000 ne a shekara, ko da yake baƙo daga wata ƙasa yana biyan fiye da haka nesa ba kusa ba.

Abin lura shi ne, a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ɗaliban Amurka wajen 347,000 ne suka fita karatu ƙasashen waje, amma na kwalejin al'umma a cikinsu ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, alhali su ne wajen sulusin masu karatun gaba da sakandare a ƙasar. Dalili a fili yake. Da yawansu magidanta ne, suna aiki da rana suna karatu da dare, barin aiki na wata huɗu kuwa barin abinci ne. Shi ya sa mafi yawan waɗanda ke fita sukan bi malaminsu ne tafiyar makonni kaɗan.

Mu dai a ganinmu wannan tafiya abin kirki ce, bai kuwa kamata a bar wa 'ya'yan masu hali su kaɗai ba. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Manzo Bulus a Tarsus aka haife shi, amma a Urushalima ya yi karatu wurin Gamaliyel, Daniyel kuma ya koyi harshe da ilimin Babila bai saki Allahnsa ba. Ko a ƙasar Hausa mun ga amfanin abin, domin tun ƙarshen shekarun 1980 har zuwa 2011 Jami'ar Boston takan aiko ɗalibanta Yamai zango ɗaya, su koyi Hausa da Zabarmanci, su zauna da jama'a, sai rashin tsaro ya sa aka dakatar. Yaronmu da ya tashi a Amurka bai iya gai da kakarsa da Hausa ba, idan ya sami zango a Jami'ar Gana da ke Legon, ya riƙa leƙa unguwar Nima a Akara ko zangon Kumasi inda ake Hausa dare da rana, ai ya yi riba biyu.

To, amma Ubangiji Yesu ya koya mana cewa mai son yin gini yakan fara zama ya yi lissafi, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa. Lissafin farko kuwa shi ne na fasfon da yaron yake riƙe da shi. Ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu yana iya zama a ciki lafiya ko da bizar ta ƙare, muddin yana kan karatunsa kuma takardunsa na makaranta suna nan daidai. Amma ranar da ya sa ƙafa waje, ba zai komo ba sai da biza mai rai. A watan Yuli 2025 Amurka ta mai da yawancin bizar 'yan Nijeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku. A watan Disamba na shekarar kuma aka sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba 'yan ƙasarsu sabuwar bizar ɗalibi daga 1 ga Janairu 2026, aka rufe wa 'yan Nijar ƙofa gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa Chadi tun watan Yuni 2025. Irin waɗannan dokoki sukan canza ba shiri. Saboda haka yaron da ke riƙe da fasfon gida kada ya motsa sai ofishin ɗalibai baƙi na kwalejinsa ya tabbatar masa a rubuce cewa zai iya komowa. Idan ba haka ba, ya haƙura ya gama karatunsa tukuna. Iyayen da suka sayar da gona ko shanu ba za su so a ce wata huɗu a Faransa ya cinye wahalar shekara biyu ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Lissafi na biyu na kuɗi ne. Zango ɗaya a waje, idan aka haɗa jirgi da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, yakan fi kuɗin makarantar shekara guda a kwalejin. Akwai taimako, kamar tallafin Gilman da majalisar Amurka ta kafa a 2000, wanda ke ba ɗalibi marar hali har dala 5,000, sai dai na 'yan ƙasar ne kaɗai. Kada a ci bashi da ruwa don a ce ɗan wane ya je Turai.

Na uku kuma, a tabbata karatun da za a yi can za a lissafa shi a nan. Sau da yawa kwaleji takan amince da darasi, amma jami'ar da yaron yake shirin wucewa ta ƙi. A nemi amincewar duka biyun a rubuce tun kafin a sayi tikiti, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙarshe, ikkilisiya ma tana da nata aikin. Kamar yadda Bulus ya gabatar da Fibi ga masu bi na Roma, haka ya kamata fasto da dattawa su ba duk yaron da zai tafi takardar gabatarwa zuwa ga wata ikkilisiya a garin da zai sauka, domin wata huɗu babu sujada, babu zumunci, ya isa ya sanyaya zuciyar matashi. Idan kuma ya komo, a ba shi fili a taron matasa ya faɗi abin da ya gano, na baya su ƙaru.

Muna roƙon iyaye kada su hana don tsoro kawai, kada kuma su yarda don alfahari. A zauna da yaron, a duba fasfo, a duba aljihu, a duba takardu, a yi addu'a, sannan a yanke shawara. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu a duk inda neman ilimi ya kai su. Amin.