Ali Farka Ture: darasi ga mawaƙanmu da magadan gari

Jama'a, mu waiwayi Ali Farka Ture na ƙasar Mali, wanda aka haifa a 1939 a yankin Tumbutu. Shi ne ɗa na goma a ɗakinsu, kuma shi kaɗai ya rayu, shi ya sa aka laƙaba masa Farka, wato jaki a harshen Sonrai, saboda juriya.

Turawa sun ce kiɗan bulus na Amurka yake yi da jitarsa. Shi kuwa ya dage cewa tushen kiɗan yana bakin kogin Isa. Faifansa da Ry Cooder ya ci kyautar Grammy a 1995, wanda ya yi da Tumani Jabate ya ci a 2006.

Amma abin da ya fi burge mu shi ne komawarsa gona a Niyafunke. Da ya zama magajin garin a 2004, da kuɗin aljihunsa ya gyara hanyoyi, ya samar da lantarki. Ya rasu a watan Maris 2006.

To, mawaƙanmu da suna ya kai Turai, da magadan garinmu, me kuka mayar gida? Allah ya jiƙansa.