Tsakanin Gaskiya da Nishaɗi: Matsayin Rauni a Wasannin Tsira da Rai

Gabatarwa

Daga cikin wasannin kwamfuta da suka samu karɓuwa a duniya akwai rukunin da ake kira wasannin tsira da rai. A irin wannan wasa akan jefa tauraron da ɗan wasa yake sarrafawa cikin daji ko ƙanƙara ko kufai, ba guzuri ba mataimaki, a bar shi ya nemi ci da sha da makwanci. Babu abin da ya fi jawo muhawara game da waɗannan wasanni kamar dokokin rauni da jinya. Wasu na ganin lallai ne rauni ya zo daidai da yadda yake a zahiri, wasu kuwa na cewa wasa wasa ne, bai kamata ya koma ɗakin jinya ba. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, wajibi ne wasa ya riƙe gaskiya a wajen dalilin rauni da sakamakonsa, amma ya sassauta a wajen tsawon lokacin jinya da wahalar yin ta.

Gefe Biyu na Matsalar

Idan mutum ya karye, akasarin karaya takan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ƙashi ya haɗe. Da za a kwaikwayi wannan tiryan-tiryan, da ɗan wasa ya zauna yana kallon tauraronsa a kwance har ya gaji ya kashe na'ura. A ɗaya gefen kuma akwai Minecraft, wanda ya fito a cike a 2011, inda ake auna lafiya da hoton zukata 10. In tauraro ya faɗo daga tudu zukatan sukan ragu, in ya ci ya ƙoshi su sake cika, babu ɗingishi babu tabo. Wannan ya dace da wasan da manufarsa gini da ƙirƙira ce, amma a wasan da ya ɗora armashinsa a kan fargabar halaka, raunin da ba ya barin gurbi yakan zubar da kwarjinin wasan gaba ɗaya. Saboda haka akwai sharuɗɗa uku da ya kamata kowane tsarin rauni ya cika.

Sharaɗi na Farko: Dalili ya Fito Fili

Ya kamata ɗan wasa ya san abin da ya jawo masa rauni, ya kuma san da ya iya kauce masa. Wasan The Long Dark, na kamfanin Hinterland da ke Kanada, wanda aka kammala fitar da shi a 2017, ya cika wannan sharaɗi. In tauraro ya fita cikin tsananin sanyi hannu ko kai a buɗe, wasan yakan nuna alamar gargaɗi da ke hauhawa. Wanda ya yi biris da ita, sanyi zai ci masa gaɓa, ya rasa kashi 10 cikin 100 na lafiyarsa har ƙarshen wasan. Hukuncin yana da tsanani, amma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Akasin haka shi ne Far Cry 2 na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2008. Ko da yake wasan harbi ne, ya aro dokar cuta irin ta wasannin tsira da rai. Tun farkon labari tauraron ya kamu da zazzaɓin cizon sauro a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba. Jefi-jefi zazzaɓin yakan taso, gani ya dushe, sai an haɗiyi ƙwaya. Babu gidan sauro, babu wata dabarar kariya, babu kuma warkewa. Duk wanda ya san wannan cuta ya san ana iya kare kai daga gare ta, kuma magungunan zamani kan kawar da wadda ba ta yi tsanani ba cikin kwana 3. Ashe wasan bai kama gaskiya ba, bai kuma ƙara nishaɗi ba, ya yi biyu babu.

Sharaɗi na Biyu: Rauni ya Haifar da Zaɓi

Amfanin rauni a wasa shi ne ya tilasta wa ɗan wasa tunani. Wanda ya yi targaɗe rana na shirin faɗuwa, ga masauki da nisa, dole ya yanke shawara: ya ɗingisa ya ci gaba, ko ya hura wuta ya kwana a fili, ko ya zubar da rabin kayansa don ya samu sauƙin tafiya. A wasan DayZ, wanda ya fara ɓulla a 2012, shan ruwan da ba a tsabtace ba yana iya jawo kwalara, don haka mai ƙishirwa yakan auna tsakanin shan ruwan kududdufi nan take da haƙuri har ya samu rijiya. Wannan aune-aune shi ne zuciyar wasan. Wanda ya san langa ya san haka: riƙe ƙafa ɗaya tawaya ce da aka ɗora wa kowa da gangan, kuma daga cikinta gwaninta da raha suke fitowa.

Sharaɗi na Uku: A Taƙaita Lokaci da Wahalar Hannu

A Metal Gear Solid 3, na kamfanin Konami na Japan, wanda ya fito a 2004, in harsashi ya sami tauraro sai a dakatar da wasa a buɗe shafin jinya, a cire harsashin da wuƙa, a wanke mikin, a ɗaure. A karo na farko abin yana burgewa. A karo na ashirin kuwa ya zama aikin gayya, domin babu sabon tunani a ciki, sai maimaita danne-danne. Abin da ya dace shi ne a bar matakin da ke buƙatar shawara, a dunƙule wanda ya zama al'ada, a kuma mayar da makonnin jinya 'yan mintoci, muddin ɗan wasa zai ji nauyinsu a tafiyarsa.

Hujjar Masu Son Tsanani

Akwai masu cewa wahalar ita ce daɗin, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Suna kafa hujja da Green Hell, na wani kamfanin ƙasar Polan, wanda aka kammala a 2019, inda ɗan wasa ke duba hannuwa da ƙafafun tauraronsa ɗaya bayan ɗaya a dajin Amazon, ya cire matsattsaku, ya zaƙulo tsutsa daga ƙarƙashin fata da allurar ƙashi. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin wasan ya samu masoya. Sai dai ko a nan ba a kwaikwayi zahiri baki ɗaya ba, tunda miki yana warkewa cikin ɗan lokaci kaɗan. Bugu da ƙari, shi da The Long Dark duka sun tanadi matakan tsanani daban-daban, kowa ya zaɓi daidai ƙarfinsa.

Abin da ya Shafi Malami

Wannan batu ba baƙo ba ne ga aikin koyarwa. Ɗaya daga cikin kakannin waɗannan wasanni, wato The Oregon Trail, ɗalibai uku masu koyon aikin malanta ne suka ƙirƙiro shi a jihar Minesota ta Amurka a 1971, domin koyar da tarihin ƙaurar da aka yi zuwa yammacin ƙasar a ƙarni na 19. A sigarsa ta 1985, yawan abincin da ɗalibi ya ware wa ayarinsa da saurin tafiyar da ya zaɓa su ke ƙara ko rage haɗarin atuni da sauran cututtuka. Yaro ya fahimci dalili da sakamako ba tare da ya yi jinyar kowa ba. Haka ya kamata malami ya tsara duk wani wasan aji: kuskure ya kasance da farashi, amma kada farashin ya kori ɗalibi daga darasi.

Haka kuma, akwai nauyin faɗakarwa a wuyan malami. A Green Hell ana sa tsutsa a miki don ta cinye ruɓaɓɓen nama. Likitoci suna da irin wannan magani, amma da tsutsar da aka raina cikin tsabta a ɗakin bincike suke yi. Yaron da ya ɗauki darasin wasa ya kai shi kan gyambonsa zai cutu.

Kammalawa

A taƙaice, ma'aunin tsarin rauni shi ne tambayoyi uku: shin ɗan wasa ya san abin da ya jawo raunin, yana da zaɓi bayan ya same shi, kuma jinyar ba ta cinye masa lokacin wasa ba? Wasan da ya amsa su ya zama zuma, ga zaƙi ga harbi. Wanda ya gaza kuwa, ko dai ya zama lami, ko ya zama horo.