Littafin Da Na Zaɓa Wa 'Yar Aji Ɗaya

A hutun da ya wuce, ƙanwata da ke zaune a Kakuri ta ɗora mini wani nauyi. 'Yarta mai shekara 12 ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ba ta da aiki sai latsa wayar uwarta. Ta ce, "Yaya, ka samo mata littafi mai hotuna da abubuwan al'ajabi, ko ta rabu da wannan waya. Amma ban da na tsafi."

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya tsayar da ni. Iyaye da yawa a Makera, Barnawa da Sabon Tasha, Musulmi da Kirista, suna ɗari-ɗari da duk labarin da aka ambaci aljani ko dodo. Ba na raina tsoronsu. Sai dai na tuna mata cewa mu ma da Gizo da Ƙoƙi aka raine mu, kuma ba wanda ya bar salla saboda tatsuniya. Abin dubawa shi ne inda labarin ya dosa: mugu ne ya ci riba a ƙarshe, ko mai gaskiya?

Da na shiga shagon littattafai sai na tarar da na Turanci jibge, masu bango mai sheƙi, irin su Harry Potter. Na Hausa kuwa sai da mai shagon ya laluba ƙasan kanta ya kaɗe musu ƙura. Alhali kuwa ba mu rasa irin wannan adabi ba. Tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga baya Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo kuma ya kai wani yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya.

Ma'auni uku na bi. Na farko, harshen ya zama wanda yarinya za ta iya bi ba tare da an tsaya a kanta ba. Na biyu, hoton ya taimaki karatu, ya ja ta zuwa shafi na gaba, kada ya cinye labarin har ta wadatu da kallo. Na uku, a iya yanka labarin gunduwa-gunduwa, domin yaron da ya saba da bidiyon minti ɗaya ba zai haɗiye doguwar hikaya a zama guda ba. A kan haka na ajiye Ganɗoki, don yaƙe-yaƙensa da tsohuwar Hausarsa sun fi ƙarfinta a yanzu. Na ɗauki Magana Jari Ce na ɗaya, inda aku ke jero labaru ɗaya bayan ɗaya, ga zane jefi-jefi.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na rubuta wannan. Ashe yarinyar tana jin Hausa sarai amma ba ta iya karanta ta, ƙa da ɗa sai su yi mata cikas. Wadda ta warware mata ita ce ƙawarta 'yar maƙwabta, 'yar ƙabilar Bajju, wadda ta koyi karatun Hausa a littafin waƙoƙin coci. Kullum bayan La'asar suna kan tabarma guda, wannan ta karanta, waccan ta fassara karin magana. Duk wanda ya san yadda rikicin 2000 da na 2002 suka mayar da kogin Kaduna iyaka tsakanin jama'a, ya san wannan zama ba ƙaramin abu ba ne.

Kirana ga kamfanin NNPC na Zariya da sauran masu ɗab'i shi ne su sake buga waɗannan littattafai da manyan baƙaƙe da zane mai launi, ga masu zane nan a Jami'ar Ahmadu Bello. Iyaye kuma mu riƙa karanta littafi kafin mu miƙa wa yaro, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar dai ta aiko a tambaye ni yaushe zan kawo na biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.