Filin Masu Sana'a: Tony Allen, Makaɗin Ikko

A wannan wata filin masu sana'a ya leƙa Nijeriya, wurin wani makaɗi da sunansa ya kai ƙasashen duniya.

An haifi Tony Allen a birnin Ikko a shekara ta 1940. Bai gaji kiɗi ba. Aikin gyaran rediyo ya fara yi. Sai da ya kai shekara 18 kana ya kama ganga, kuma shi ya koya wa kansa. Yakan saurari faifan manyan makaɗa baƙar fata na Amurka, kamar Art Blakey da Max Roach, ya yi ta kwaikwayo har hannunsa ya faɗa.

A 1964 ya haɗu da mawaƙi Fela Kuti. Tare suka fito da wani sabon kiɗi da ake kira Afrobit. Sun yi faifai fiye da 30.

Kayan aikinsa sun bambanta da kalangu ko gangar noma. Ganguna ne da yawa, mutum guda ke zaune yana kaɗa su. Ƙafar dama tana taka wani ƙarfe, ƙarfen ya bugi babbar ganga. Ƙafar hagu tana taka faya-fayen ƙarfe guda biyu masu kifuwa da juna. Hannuwa kuma suna riƙe da sanda biyu, suna yawo bisa ƙananan ganguna. Waɗannan faya-faye na ƙafar hagu su ne abin da ya fi ba muhimmanci. Ya lura makaɗa da yawa a Ikko sun bar su banza, shi kuwa ya sa su aiki. Kowace gaɓa tasa da nata kiɗin, har mai saurare ya zaci mutum huɗu ne.

Gargaɗinsa ga masu koyo shi ne kada su doki ganga da ƙarfin tsiya. A taɓa ta da sauƙi, a saurari sauran abokan aiki. Da haka ne shi yake kwana yana kiɗi bai gaji ba.

Amma wajen 1979 ya rabu da Fela, don yana ganin ba a biyansa daidai da wahalarsa. Daga baya ya koma zama a Faransa, ya ci gaba da sana'arsa har tsufa. Ya rasu a birnin Paris ran 30 ga watan Afirilu 2020, yana da shekara 79.

Samari masu kiɗin gayya da na biki, ga abin lura. Wanda ya saki ƙarfinsa duka da safe, kafin azahar ya bar manoma ba kiɗi. Kuma tun ba a ɗauki ganga ba, a gama maganar lada gaban shaidu. Sana'a sai da haƙuri, amma haƙƙin mai ita ba abin kunyar tambaya ba ne.